Kuɗin ƙungiya na asusuna, ga mai rubuta furofozal na jiran dubu 150

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata a Anguwar Rogo nan Jos, shekararmu huɗu muna koya wa zawarawa da 'yan mata marayu ɗinki da saƙa, da yamma kuma yara su zo lesin. Keken ɗinki biyar garemu, biyu sun lalace. Komai da karo-karo muke yi, dubu ɗai-ɗai duk wata, sai ɗan abinda masu hali suka bamu da azumi. Bamu da rajistar CAC, hukumar dake yiwa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, takardar ƙaramar hukuma kawai garemu, kuɗin kuma asusuna yake shiga tunda ƙungiya bata da nata. Fom ɗin tallafi da na cike a intanet ya fi a ƙirga, ko amsa babu. Yanzu ƙanin shugabarmu ya kawo wani mutum wai shi kwansaltan ne, ya san manya a Abuja, yace mu bashi dubu 150 ya rubuta mana furofozal wato takardar neman tallafi, miliyan 15 tabbas zata fito, in ta fito kashi 20 nasa ne. Shugaba ta yarda tace in cire daga kuɗin dake hannuna. Da nace a dakata shine wasu suka fara ƙus-ƙus wai ko na taɓa kuɗin ne shi yasa nake ja. Wallahi Anti ko kwabo ban ci ba. Maigidana yace in ajiye muƙamin in huta. In bada kuɗin ne ko in ajiye? Kuma wai ta ina ake samun tallafin nan da muke ji wasu na samu?

Daga wata baiwar Allah, Anguwar Rogo.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri ke da matan nan. Kar ki bada dubu 150 ɗin nan, kuma kar ki ajiye muƙami a wannan gaɓar. Maigidanki yana da gaskiyarsa, babu namijin da zai so ana yawo da sunan matarsa a unguwa akan kuɗin da bata ci ba, amma in kika ajiye yau alhalin kuɗin mutane na cikin asusunki kuma ba'a zauna anyi lissafi a gaban kowa ba, toh kin basu abin faɗa kenan har jikoki, za'a ce ai da taga za'a tono ta ne ta gudu. In ma ajiyewar zakiyi sai an wanke ki tas a gaban miti tukuna, sannan ki miƙa littafi ki tafi da mutuncinki.

Shi kwansaltan ɗin ba sai na kira shi da wani suna ba, maganarsa kaɗai ta isa. Biyan mutum ya taya ku rubutu ba laifi bane, akwai masu wannan sana'ar tsakaninsu da Allah a nan Jos da Abuja, a basu ladan rubutunsu su kama gabansu. Amma duk wanda ya san aikin bazai taɓa ce miki tabbas ba, saboda ba shi ke zaɓa ba, kwamiti ne ke zama akan tulin takardu su ware 'yan kaɗan su ajiye sauran. Sannan maganar kashi 20 ɗin nan ita ce ma tafi ɗaga min hankali. Kashi 20 na miliyan 15, miliyan 3 kenan fa. Masu bada tallafi suna amincewa da kasafi ne layi-layi, keke kaza naira kaza, yadi kaza naira kaza, babu layin da ake rubuta ladan dillali, to ta ina miliyan ukun zata fito? Sai dai ayi rasit na ƙarya a rufe ramin, kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo shi yana can ya kashe waya, sa hannunki ne dana shugaba akan takarda. Kuma ma dai bar wannan, ƙungiyar da bata da CAC bata da asusun banki na kanta, wa zai tura mata miliyan 15, kuma cikin wane asusun? Naki? Wanda ya san manya a Abuja da gaske abinda zai fara tambayarku kenan.

In kina so ki gwada shi ba tare da rigima ba, a gaban shugaba ki tambaye shi cikin ladabi, wace gidauniya ce, ina sanarwar da suka fitar, yaushe ake rufewa, sannan ya baku lambar shugabannin ƙungiyoyi biyu da ya taɓa rubuta wa suka samu ku kira da kanku. Mai gaskiya nan take zai buɗe waya ya nuna, ɗayan kuma zai fara cewa ai abin na sirri ne, ai ba'a sanarwa, ai oga ne ya faɗa masa a kunne.

Amma ni a wajena duk cikin wasiƙarki abinda yafi gaggawa ba kwansaltan bane, asusunki ne. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya fitina ce ko da waliyiya ce mai asusun, domin alat ɗin ƙungiya da kuɗin cefanenki da na ankon da kika tura wa 'yar uwarki duk wuri ɗaya suke, ke kanki in akace ki rabe su yanzu sai kin zauna da biro. Ki je banki gobe-goben nan ki ce a buga miki bayanin asusunki tun daga ranar da kuɗin ƙungiya ya fara shiga, ki zauna ki ja layi a ƙarƙashin duk abinda yake na ƙungiya, shiga da fita, ki kwafe cikin sabon littafi mai bango mai tauri. Sai ki roƙi a kira miti, ki ce a zaɓi mata biyu su duba, kuma ki tabbata ɗaya daga cikin masu ƙus-ƙus ɗin tana ciki. Eh da gangan nace haka. Wadda ta duba da idonta ta ga babu komai ita zata fi kowa rufe bakin sauran. In akwai ɗan abinda aka kashe babu rasit, kuɗin Keke Napep zuwa Terminus ne ko zaren da aka siya a tebur, ki faɗa da bakinki a rubuta, ba'a rasa irin wannan a kowace ƙungiya.

Ita kuma Hajiya shugaba kar ki kuskura ki ja da ita a gurup na WhatsApp. Ƙaninta ne ya kawo mutumin, in kika kunyata mutumin a bainar jama'a ita kika kunyata. Ki shirya ki je gidanta da yamma ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce Hajiya ni ba ƙin ci gaba nake ba, tsoro nake kar a ci kuɗin marayu a ce da hannunmu, me zai hana dubu 150 ɗin nan mu fara rajista da ita, in yaso in takardunmu sun cika ko shi mutumin ne ma aikinsa zai fi sauƙi. Kinga kin bata ƙofar fita ba tare da tace tayi kuskure ba.

Rajistar da nake nufi ita ce ta CAC, ɓangaren ƙungiyoyi masu amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Zaku zaɓi suna a duba ko wani bai riga ku ba, ku fitar da amintattu aƙalla biyu, ni dai ina bada shawarar uku ko biyar kuma kar su zama 'yan gida ɗaya, kowa da NIN ɗinsa, ku rubuta kundin tsarin ƙungiya, ku haɗa da takardar mitin da aka zaɓe su. Akwai sanarwa da ake bugawa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, to wannan jiran ba makawa, duk wanda yace zai fito muku da satifiket cikin kwana uku ki bishi da ido. Yanzu ta intanet ake yi, ba sai kin hau mota zuwa hedikwatarsu a Maitama ba, amma dai ku samu lauya ko wakilin da CAC ta amince dashi, ku ce ya rubuta muku kuɗin hukuma daban, na jarida daban, ladansa daban. Abinda mutane ke mantawa shine bayan satifiket akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, in aka yi sake shekaru suka taru sai a ga sunan ƙungiya a shafinsu an nuna bata aiki, kuma masu bada tallafi suna shiga su duba.

Daga nan sai lambar haraji wato TIN, sai satifiket na SCUML, wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido akan safarar kuɗin haram, rajistarsa kyauta ce, kuma banki zai tambaye ku ita in zaku buɗe asusun ƙungiya. Asusun kuma a sa dole sai mutum biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita, alat ya dinga zuwa wayar mutum fiye da ɗaya. Ranar da aka buɗe shi ki tura duk abinda ke hannunki ta banki, ba tsaba ba, ki buga shaidar ki manna a littafi. Takardarku ta ƙaramar hukuma kar ku yar, ita ce shaidar cewa ba jiya kuka fara ba, ku ƙara da ta ma'aikatar mata ta jiha.

Yanzu ga dalilin da yasa fom ɗinki basa dawowa da amsa. Wasu daga cikinsu dama ba tallafi bane, irin link ɗin nan ne da ake turowa wai gwamnatin tarayya na raba kuɗi ki tura wa gurup biyar, ko masu tara mata a ce ku sayi fom dubu biyu-biyu za'a raba biliyoyi wata mai zuwa, watan kuma baya zuwa, mutane nawa ne a garin nan suka shekara suna jiran alat ɗin da babu shi. Duk inda akace ki biya kafin a duba takardarki, ko aka nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki a waya, fita kawai. Na gaskiyan kuma tun a matakin farko ake zubar da naku, domin akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya duba akwai CAC, akwai asusu, akwai bayanin kuɗin bara, in babu a tura gefe, labarin marayunku mai sa kuka ko buɗe shi ba'a yi ba. Mu muna zaton wanda yafi buƙata ake ba, su kuma wanda zai iya nuna inda kuɗin ya tafi suke nema. Kamar adashi ne, in zaki zuba ba wadda tafi kowa talauci kike nema ta zama uwar adashi ba, wadda kika san ranar kwasa zata fito da kuɗin cif-cif kike nema. Shi ma jami'in dake zaune a ofis a Abuja yana da wanda zai tuhume shi a sama.

To ku shekara huɗu kuna aiki, wannan dukiya ce babba amma duk tana cikin kawunanku. Ku sauke ta a takarda. Mata nawa suka koya, sunansu, shekarar da suka gama, yanzu ina suke, wacece ta buɗe shago wacece ke ɗinki a ɗaki, wacece ta watsar. Rajistar yaran lesin ta kullum. Hotuna da kwanan wata, amma a nemi izinin iyaye ko masu riƙon yaran, kuma dan Allah banda hoton maraya cikin tsumma ana miƙa masa leda, masu bada tallafin kirki basa son wannan, kuma yaran nan zasu girma su gani. Ku samu wasiƙa daga mai unguwa, da liman, da hedimasta na makarantar da yaran ke zuwa. In shekara ta zagayo ku nemi akanta mai lasisin ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN ya duba lissafin ya sa hatimi, Jos ba'a rasa akantoci ba tunda kwalejin ANAN ma tana nan Kwall, ku roƙi ɗan unguwa ya yi muku da rangwame. Sannan kekunan nan biyu da suka lalace, haba ƙanwata, ku gyara su satin nan daga karo-karo. In baƙo yazo duba ku ya tarar da keke biyu a jingine da ƙura, ku kuma kuna roƙon ashirin sababbi, kin san abinda zai rubuta.

Maganar ta ina ake samu kuwa, gaskiya lokacin da kuka fito nema ba lokacin yalwa bane. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, zuwa Yulin shekarar aka rufe USAID, hukumar dake raba tallafin, gaba ɗaya, manyan ƙungiyoyi da yawa suka sallami ma'aikata, yanzu su ma sun dawo suna layi a ƙananan ƙofofin da da basa kallo. Don haka ku cire miliyan 15 a ranku tukuna, ku nemi abinda ya yi daidai da ku.

Ofisoshin jakadanci a Abuja suna da ƙananan tallafi na al'umma. Japan nada shirin GGP, shi gini da kayan aiki yake yi, ajujuwa, asibitin unguwa, rijiyar burtsatse, cibiyar koyon sana'a, a shekarun baya iyakarsa yen miliyan 10 ce a kuɗin Japan, amma baya biyan albashi ko kuɗin haya da na yau da kullum, kuma in gini ne sai kun nuna takardar fili. Kanada nada CFLI, Ostireliya nada DAP, kowanne da lokacin da yake buɗewa da abinda yake so a shekarar, a shafin ofishin jakadancin kansa zaki gani ba a bakin dillali ba. Jakadan Amurka ma nada tsohon shirin taimakon kai da kai da ake ba al'umma 'yan dubban daloli su kuma su kawo nasu kason, ku fara leƙa shafinsu ku ga an buɗe kafin ku ɓata data, kuma kuɗin gwamnatin Amurka na buƙatar lambar shaidar ƙungiya da ake kira UEI daga shafin SAM.gov wadda kyauta ce duk da akwai masu karɓar kuɗi akanta. Kusan dukkansu basa bada kuɗi don aikin addini ko na siyasa, in ɗinkinku ƙofarsa a buɗe take ga kowace mace to ku faɗi haka a fili.

A cikin gida akwai gidauniyar TY Danjuma da aka kafa a 2009, ofishinta na Abuja, lafiya da ilimi take yi kuma ƙungiyoyin Najeriya take ba. Akwai ACT Foundation a Legas. Tunda ku mata ne ke jagoranci ki riƙe sunan AWDF, asusun matan Afirka dake Akara a Ghana, ƙungiyoyin da mata ke shugabanta suke tallafawa. Manyan gidauniyoyi irin su Ford dake Legas da MacArthur dake Abuja kar ki wahalar da kanki yanzu, ba ajinku bane tukuna. Na Tony Elumelu da kowa ke turowa a watan Janairu, dala 5,000 ɗin nan, na masu kasuwanci ne ba na ƙungiya ba, sai dai in akwai ɗalibarku mai kai da ta buɗe shago ku taya ta cikewa da sunanta. Akwai kuma na muhalli da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, na ambace shi ne kawai don in ja kunnenki, saboda na san halinmu, da an ji kuɗi sai ƙungiyar ɗinki ta wayi gari ta zama ta dashen itatuwa. Masu dubawa suna ganewa daga shafin farko.

Irin wannan jan kunnen yafi ƙarfi a Jos akan maganar zaman lafiya. Tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010 kuɗin da ke shigowa garin nan da yawansa da sunan sasanta al'umma yake zuwa, har jiha ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, shi yasa kowa ke liƙa kalmar a furofozal ko ta dace ko bata dace ba. In da gaske zaku iya haɗa aji ɗaya da wata ƙungiyar matan coci daga Anguwar Rukuba ko Tudun Wada, su zo ku je, a koyi ɗinki tare, wannan abu ne mai kyau ko babu tallafi, kuma in akwai shi zai ɗaga ku sosai. Amma ku fara yi tukuna sannan ku rubuta, kar a ara mata biyu ranar hoto.

Hanyar da na fi ganin ƙananan ƙungiyoyi na shiga ta ita ce ta ƙarƙashin manya. Babbar ƙungiya ta karɓo kuɗi, tana buƙatar wanda ya san lungunan Anguwar Rogo wanda matan gida zasu buɗe wa ƙofa, sai ta baku wani yanki ku gudanar. Kuɗin kaɗan ne, wani lokacin na taro ɗaya ne ma, amma in kuka yi shi tsaf kuka kai rahoto da rasit akan lokaci kun samu abinda ake kira tarihin riƙe kuɗi, kuma shi kowa ke tambaya. Don haka ku dinga zuwa tarukan gamayyar ƙungiyoyi na jiha, ko shayi babu ku je a san fuskarku.

Gwamnati kuwa, kar ki sa rai zata tura wa ƙungiya tsabar kuɗi, ba kasafai ba. Abinda ake samu gurbin horo ne da kayan fara sana'a. ITF hedikwatarta ma a nan garin take kan titin Miango, ga NDE, ga SMEDAN, dukkansu suna horas da masu sana'a lokaci-lokaci, ku kai wasiƙa da jerin sunayen matanku tun kafin a buɗe. Hukumar CSDA ta jiha tana yin ayyukan da al'umma ta zaɓa da kanta, a tsohon shirin CSDP na Bankin Duniya al'umma kan kawo kashi 10, bayansa aka shiga NG-CARES daga 2021, amma wannan ta kwamitin unguwa ake bi, sai ku shiga ta wajen mai unguwa. Sai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, an yi shekaru ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara, kekunan ɗinkin da kike gani ana rabawa a fili ana kiɗa da yawansu daga nan suke. Ku rubuta wa ɗan majalisarku da sunan ƙungiya kafin a haɗa kasafin shekara, ba bayan an gama ba. Duk ofishin da kuka kai wasiƙa ku tafi da kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa akan ɗaya, in ba haka ba wata uku kuna zarya ana cewa ba'a gani ba. Kuma kar ku bari a sa muku hular jam'iyya, cikinku akwai 'yan kowane ɓangare.

Shi kansa rubutun ba wani tsafi bane. Ki karanta sanarwar sau biyu, abinda suka tambaya shi zaki amsa, in sunce shafi uku kar ki kai biyar. Yawancin abinda ake turawa haka yake farawa, mu ƙungiya ce mai tallafa wa marayu da zawarawa da matasa da masu buƙata ta musamman a faɗin Najeriya domin kawar da talauci. Wanda ya karanta irin wannan hamsin tun safe barci zai yi. Ke kuma ki ce, misali, muna da ɗaki ɗaya da keke biyar a Anguwar Rogo, mata kaza suka gama a shekara huɗu, kaza daga ciki suna cin abinci da ɗinki yanzu, kaza na jiran gurbi, kowace ɗaliba awa ɗaya take samu akan keke a rana shi yasa koyon wata shida ke kai shekara, muna neman keke goma da injin saƙa ɗaya don mu ɗauki mata kaza su gama cikin wata shida. Ki sa lambobinku na gaskiya ko da ƙanana ne. Ku fara zama ku tsara shi da Hausa a tsakaninku, sannan ɗan wata daga cikinku dake Unijos ya juya shi Turanci, saboda in suka kira waya ko suka zo ku zasu tambaya ba marubucin ba, kuma sukan ja ɗaliba gefe su tambaye ta ita kaɗai. Masu sa ChatGPT ya rubuta musu daga farko har ƙarshe kuma, takardunsu duk kama ɗaya suke yi, gyaran Turanci dai ba laifi.

Kasafin kuɗi anan ake kama mutane. Ki taka da ƙafarki shagunan Ahmadu Bello Way da wajen Terminus ki karɓo farashi a rubuce daga wuri uku, da kwanan wata a jiki, saboda kin ga yadda naira tayi, a tsakiyar 2023 dala na wajen 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, kuma tsakanin tura takarda da fitowar kuɗi ana iya yin wata shida ko fiye. Kar ki kumbura farashi don a rage, suma suna zuwa kasuwa. Ki rubuta naku gudummawar, ɗakin da aka baku kyauta nawa ne hayarsa da biya ake, malaman dake koyarwa fisabilillahi, karo-karon wata-wata, duk kuɗi ne. Za kuma su tambaya in tallafin ya ƙare yaya zakuyi, to amsar ba Allah zai kawo wani ba ce a takarda, ki nuna musu ɗinkin yunifom na makarantun unguwa ko kayan sallah da zai riƙa shigo da na zare da gyaran keke. Ki tura kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, ba daren ƙarshe da netwok zai ƙi ba, ta imel na ƙungiya wanda mutum biyu suka san lambar sirrinsa. Za'a ƙi ku sau da dama ko bayan komai ya cika, in an ƙi ki rubuta godiya ki tambaya ko zasu faɗa miki inda aka gaza, wasu na amsawa.

Masu halin nan da ke baku da azumi kuma kar ki raina su, su ne masu tallafinku na farko. Bana ki kai wa kowannensu shafi ɗaya, Alhaji ga abinda ka bayar bara ga abinda aka yi dashi ga rasit. Ba'a saba yi musu haka ba, zaki sha mamakin abinda zai biyo baya, wani ma keken zai ce a je shago a ɗauko.

In kuma duk da haka Hajiya ta dage sai an ba mutumin, toh kuɗin ba naki bane, na ƙungiya ne, baki da ikon riƙewa da ƙarfi. Sai ki ce a kawo maganar gaban miti bayan an gama duba lissafinki, a kaɗa ƙuri'a, a rubuta a littafi cewa ke baki goyi baya ba, waɗanda suka yarda su sa hannu, shi kuma ya kawo yarjejeniya a rubuce da cikakken sunansa da hoton katin shaidarsa, a cire maganar kashi 20, a tura ta banki zuwa asusu mai sunansa, rabi yanzu rabi in ya nuna shaidar an tura furofozal ɗin. Ragowar kuɗin ki miƙa wa ma'aji a gaban kowa ranar. Ki nuna wa maigidanki littafin da takardar bankin tun kafin mitin, ki roƙe shi ya baki zuwa ranar, bayan nan in kin ga zaki iya ci gaba bismillah, in kuma kin gaji ki ajiye.